Tsagen Kumatun Siddiƙa

"Ɗaga mayafin nan, Siddiƙa!"

Sai ta ƙara ƙanƙame shi.

Anwar na tsaye a zauren gidan su Siddiƙa da ke bayan rijiyar Kusugu, ko takalmi bai cire ba.

"Haba sahibata... kullum na zo sai ki rufe min fuska? Gobe fa za mu je gaida Kaka."

A hankali ta saki mayafin.

Tsagen da ke kumatunta tun tana jaririya ya shafe, sai 'yar alama. A gurbinsa wasu ƙulle-ƙulle ne ƙarƙashin fata, kamar an binne ƙwayar dawa.

"Innalillahi! Me kika yi wa kanki?"

"Allura ce..." ta ce. "Zaituna ce ta kai ni wajen wata mata a Kano."

Zaituna 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita duk gidan suka so ya aura. Ita ta riƙa zuwa da fara'a tana cewa, "Ƙawata, Hajiyarsa ta ce ba ta shiga taro da suruka mai tsage. Akwai allurar kolajin, tana sa fata ta tsiro sabon nama daga ciki, ramin ya cike sumul."

Duk wanda ya daɗe a kasuwa ya sani, in abokin takara ya raka ka sayayya, kai ne hajar. Amma mai tsoron rasa masoyi ba ta lissafi.

"Na je wurin likita a Katsina," ta ce cikin kuka. "Ya ce irin wannan ba a narkar da ita. Sai dai haƙuri."

"Na taɓa ce miki ba na son tsagen nan? Na taɓa?"

Ta mayar da mayafin kan fuskarta.

Washegari da hantsi suka durƙusa gaban Kaka Barakatu, kakar Anwar. Idonta ya daɗe da tafiya, amma maganarta ce doka a gidan. Ita kaɗai ta tsaya wa auren nan sanda kowa ya ƙi.

"Matso, amaryata, in ji fuskar nan. An ce min marigayi mijina ne ya yi miki tsage, kafin ya ajiye aska. Duk Daura ba wanzamin da ya kai shi sauƙin hannu."

Siddiƙa ta matsa kusa da ita.

Yatsun tsohuwa suka bi kunci ɗaya, suka koma ɗayan. Suka sake dawowa, suna lalube.

"Ina yake?"

"Kaka, ki yafe min..."

"Na ce ina hannun Malam?"

"Kaka, ruɗar ta aka yi," Anwar ya ce. "Wallahi ni a haka ma ina son ta!"

"Kai dai ka sani, ja'iri. Ni saboda shi na ja daga da uwarka. Na ce ko ba komai, in ta shigo gidan nan zan riƙa taɓa aikinsa." Ta janye hannunta ta ɗauki carbi. "Ku je wurin Hajiyarka. Abin da ta yanke, shi ke nan."

Daga tsakar gida aka ji muryar Zaituna tana sallama.

Anwar ya sunkuyar da kai.

Siddiƙa ta kai hannu kuncinta, tana neman abin da tsohuwa ta nema.

Ita ma ba ta same shi ba.