Ranar da Fatihu Ya Ajiye Garkuwa

Fatihu ɗan shekara goma sha biyu ne. Gidansu yana garin Landover a ƙasar waje, a hawa na uku na wani bene. Kowace Asabar yakan yi wasan yaƙi na kwamfuta da abokansa biyu, Choji da Ilham. Su uku ƙungiya guda ne.

A wasan, kowa yana zaɓar wa jaruminsa kayan yaƙi. Akwai na kariya, sulke da garkuwa. Akwai na kai hari, takobi da baka. Fatihu ne mai garkuwa. Shi ke tsayawa a gaba yana shan sara, su kuma suna harbi ta bayansa.

Abin da ke ƙona masa rai shi ne in an tashi wasa, sunan Ilham ke fitowa a sama. Ta kayar da goma sha biyar, shi kuwa ɗaya, wani lokaci ko ɗayan babu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Rannan aka shirya gasa a laburaren unguwa. Baban Fatihu ya kai su a mota. Kafin a fara, Fatihu ya roƙi Ilham ta bar shi ya riƙe takobi yau kaɗai. Ta yi dariya, ta ce shi ai bango ne, bango kuwa ba ya sara.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi ne bango? Ya ajiye sulke da garkuwa, ya ɗebi takubba, bai gaya wa kowa ba.

Da aka kaure, ya faɗa gaba kamar kullum. Kafin ya kai sara biyu an kayar da shi. Abokan hamayya suka yi kan Ilham da Choji. Haka aka yi har sau uku, aka fitar da su tun a zagayen farko.

Choji ya leƙa kwamfutar Fatihu. "Fatihu, ina garkuwar?"

Fatihu ya kau da kai. Choji da Ilham suka ƙi shiga motarsu, suka bi yayar Choji, wadda ta zo kallo, a bas.

A hanya Fatihu ya dinga faɗa, rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce kullum shi ake duka su ake yabo. Ya ce ko sau ɗaya ba su taɓa gode masa ba. Baba ya bari sai da ya gaji.

"Na ji, kuma kana da gaskiya," in ji Baba. "Amma ka gaya musu ka sauya kaya?"

"A'a, Baba."

"Son takobi ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka bar su suna bin bayanka, suna zaton akwai garkuwa. Amana suka ba ka."

Fatihu ya kwana yana juya maganar Baba a ransa.

Washegari ya je gidan su Choji, ya tarar da Ilham a can. Ya ba su haƙuri. Sannan ya faɗi abin da ya daɗe yana cin sa. Ilham ta sunkuyar da kai. Ta ce ita ma bai kamata ta kira shi bango ba. Suka yarda su riƙa karɓa-karɓa.

Asabar ta gaba Ilham ce ta ɗauki garkuwa. Ta sha sara har tana cewa ashe haka abin yake da wuya. Suka ci wasan, sunan Fatihu ya fito a sama. Ya juya wajenta ya ce, "Sannu da aiki, Ilham. Ba don ke ba da ban kayar da ko ɗaya ba."

Tun daga ranar Fatihu ya gane cewa in abu ya dame ka, ka faɗa a fili. Kada ka saki amanar abokanka a ɓoye.