Kwamfutar Koh Hendra Ta Nemi Izini

Ƙarfe ɗaya saura minti biyu na rana, su uku suna bayan shagon zinaren Koh Hendra a Surabaya, kowa da hular kwano, zufa na tsiyaya. Cak Darto, shugabansu, shi ke riƙe da bindiga. Slamet na kan babur, bai kashe inji ba. Wiyono kuwa agogo yake kallo.

Shekara shida yana gyara wa shagon kwamfuta. Makon jiya ya tsara mata aiki: ranar Alhamis, ɗaya daidai, ta kashe kyamarori, ta buɗe ƙofar baya da kanta. Ya rantse wa Darto cewa na'ura ba ta makara.

Ɗaya ta yi. Darto ya tura ƙofa. Ko gezau.

"Injiniya, yaya ne?"

"Ba ta minti ɗaya, oga."

"Ita ma cin abinci ta tafi?"

Nan Wiyono ya tuna. Irin wannan aiki ba ya tashi sai da ikon mai kula da na'ura. Akwai ɗan akwati a allo da ake dannawa lokacin tsara aikin, don kada ya tsaya neman izini. Bai danna ba.

A ciki, Mbak Ningsih mai jiran shago tana cin shinkafa da soyayyen kifi, sai saƙo ya fito a allo: aiki mai suna "Kashe kyamara, buɗe baya" yana neman izini. Wanda ya tsara: Wiyono. Ta leƙa hoton kyamara, ga ƙarti uku. Ta danna "A'a", ta kira 'yan sanda, ta koma kan kifinta.

A waje, Wiyono ya kawo shawarar ya zagaya ta gaba ya roƙi mai jiran shagon ta danna "E".

Sai jiniya. Slamet ya fizgi babur, shi kaɗai. Darto ya harbi makulli — tau! — harsashin ya dawo ya fasa gwiwar Wiyono.

Tun a cikin mota Darto ya shaida wa 'yan sanda cewa Wiyono ne shugaba, shi rakiya kawai ya yi. Darto ya samu shekara biyar, Wiyono tara da ɗingishi. Matar Wiyono ta kwashe yara ta koma Kediri. Slamet har yau shiru.

A kotu alƙali ya tambayi Wiyono me ya sa ya rubuta sunansa na gaskiya a jikin aikin.

"Ranka ya daɗe, haka na saba. Don in an samu matsala a san wanda za a nema."