Bikon Kubura

A shekarun da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, akwai wani gida a unguwar masunta kusa da Bagudo wanda hayaƙin banda ba ya yankewa a cikinsa. Gidan Lauwali ne, da matarsa Kubura, da mahaifiyarsa Inna Mairama.

Wata rana da hantsi Kubura na tsugune gaban banda tana juya kifi, sai Inna Mairama ta fito daga ɗaki ta tsaya a kan ɗanta. Yana kwance bisa tabarma a inuwar zana, taru a hannunsa, barci ya kwashe shi yana cikin ɗinki.

"Dube shi," in ji tsohuwa. "Yaron da ba a taɓa riga shi zuwa bakin ruwa ba. Mi kike ba shi, Kubura?"

"Maganin likita ne, Inna. Shi kaɗai."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma ɗaki.

Lauwali yana da farfaɗiya, amma a gidan ba a kiran sunan ciwon. Mahaifinsa Ɗanmusa ma yana da ita, ita ce kuma ajalinsa. Ta kayar da shi a bakin kogin Kwara, cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, da rana tsaka, mutane cike da mashaya. Kowa ya ja da baya, don a lokacin an yarda cewa wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa, shi ma ya ɗauka. Inna Mairama na cikin waɗanda suka tsaya suna kallo, da goyo a bayanta. Tun daga ranar ba ta sake taka bakin kogi ba. Ko ruwa aka zubar da ƙarfi a tsakar gida sai ta zabura. In an tambaye ta, cewa take iskar ruwa ce ta ɗauki mijinta, don wannan ya fi mata sauƙin faɗa.

Kubura ba a rufe ta shiga gidan ba. Fura take sayarwa a mashaya lokacin da Lauwali ya fara nemanta, kuma kafin a kai goro shi da bakinsa ya gaya mata, idonsa a ƙasa, ya ce in ta fasa ba zai ga laifinta ba. Ta ce masa duk mai zuwa mashaya ya san zancen, ita dai mutumin da ke raba wa tsofaffi kifi kafin ya sayar take so. Mahaifinta Malami ya yi jinkiri, daga baya ya sa albarka.

Bayan biki ne ta matsa masa suka je disfensari wurin Malam Kimba. Disfensa ne, amma duk yankin likita ake ce masa, don ya san kowane gida da ciwon da ke cikinsa. Da babban likita ya zo rangadi ya duba Lauwali ya yanka masa magani, Malam Kimba ne ya zaunar da su su biyu ya shimfiɗa musu yadda za su rayu. Ƙwaya kullum bayan isha'i, ko yana jin garau. Duk sabon wata su zo ya gan shi. Kada ya shiga jirgi shi kaɗai, kada ya zauna bakin wuta, kada ya kwana kan ruwa. In ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Ya ce kumfar nan miyau ne kawai, ba ta kama kowa. Ya kuma maimaita musu cewa ranar da aka yanke ƙwayar nan farat ɗaya, ciwon zai dawo da fushin da ya fi na da.

Kubura ta riƙe wannan kamar sallah. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, Lauwali bai faɗi ba.

Sai dai ƙwayar tana da nata nauyin. Tana sa shi barci, tana rage masa kuzari. Mutumin da a da yake tuƙa jirgi cike da bandar kifi har kasuwar Dole Kaina, inda 'yan Dahomey ke tsallakowa da gishiri da atamfa, yanzu sai ya jira wani ya ɗauke shi. Samari suka fara tsokanarsa a mashaya, suna tambayarsa ko madam ta ba shi oda yau. Yakan yi dariya, amma in ya dawo gida ba ya cin abinci sosai.

Magana ta kai kunnen dangi. Baffansa ya zo ya zauna a zaure, aka kira Kubura. Aka ce mata ciwon ya tafi tun tuni, kowa shaida ne, to mene ne amfanin ƙwayar Nasara in ba mallaka ba? Aka ce ta mayar da ɗan masunta mai tsaron gida. Ta durƙusa ta yi bayani iyakar iyawarta, hawaye na zuba, ba wanda ya saurara. Inna Mairama ta yanke maganar daga bayan zana.

"Na binne guda, ba ni zama ina kallon wanga yana mutuwa a tsaye. Ko ƙwaya ta bar gidan nan, ko mai ba da ita."

Kubura ta dubi mijinta. Abin da ta gani a fuskarsa ya fi maganar tsohuwa ciwo, don ba tsoron uwa kaɗai ne ya rufe masa baki ba. Shi ma so yake a ce ya warke. Kogin yake kewa.

"Ki je gida ki huta kwana biyu," ya ce, bai ɗago ba. "Zan lallashe ta."

"Maigida, ni ba korata ke damuna ba. Ka yi mini alkawari ɗaya, kada ka bar sha."

Ya tashi ya fita.

A hanyarta ta zuwa gidan mahaifinta ta biya ta disfensari. Washegari Malam Kimba ya hau kekensa ya zo gidan Lauwali. Inna Mairama ta sa aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ta ce masa an gode, yaro ya samu lafiya. Ya ce mata ciwon nan barci yake yi, bai mutu ba. Ta ce Allah ne mai rayawa. Ya nemi ganin Lauwali, aka ce ya fita. Da la'asar tsohuwa ta kwashi ƙwayoyin ta watsa cikin wutar banda.

Kwanakin farko, sai ka ce ita ce da gaskiya. Idon Lauwali ya washe, muryarsa ta dawo, ya tashi da asuba ya toshe jirginsa da ke tsiyaya. Dangi suka riƙa shigowa barka. Shi kaɗai ya san hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, barci kuma ya ƙi shi, amma bai gaya wa kowa ba.

Kubura kuwa a gidansu ta rame. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kai ƙara ba. Matan gida suka ce ta nemi takardarta, yarinya ce, maza ba su ƙare ba. Ta ce ita da aurenta. Kullum da safe takan ɗauki tulu ta tafi mashaya, ko da randunan gidan cike suke, ta tsaya daga nesa ta ga ya fito lafiya.

A can ta ji cewa ranar kasuwar Dole Kaina zai tuƙa jirginsa shi kaɗai.

Ranar, Kubura ta riga kowa isa mashaya. Hazo na kwance bisa ruwa, jirage na jere da kwandunan kifi. Sai ga Lauwali da filafilin tuƙa jirgi a kafaɗa, a bayansa kuma, abin da ya sa mashaya ta yi tsit, Inna Mairama ce tafe da sanda. Ta zo ta ga ɗanta ya hau ruwa kamar kowane namiji, mutane su shaida. Amma tana hango kogin ƙafafunta suka tsaya. Nan ta kafe a kan tudu, bakinta na motsi.

Lauwali ya naɗe wando ya shiga ruwa yana tura jirgi. Ya tura, ya sake turawa, sai ya tsaya cak kamar wanda aka kira daga nesa. Wata ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, ya kife da fuska cikin ruwa.

Mutane suka watse baya. Wani ya ce a yi nisa da kumfar.

Tulun Kubura ya fashe a ƙasa. Ta faɗa cikin ruwan da zaninta, ta cusa hannu ƙarƙashin haɓarsa ta ɗago fuskar. Jikinsa na fizga, ya fi ƙarfinta, laka na zame mata. In ta riƙe kan, gangar jikin ta ja shi ƙasa. Ta ɗaga ido ta ga maza tsaye a jere, babu mai motsi, ta ga tsohuwa a kan tudu.

"Inna! Ki kama mini kansa, ba ni iyawa ni kaɗai!"

Waɗanda suka ga abin sun ce tsohuwa ta rufe ido kamar za ta faɗi ita ma. Sannan ta yar da sandar. Ta gangaro tana tuntuɓe, ta shiga ruwan, ta zauna a cikinsa daɓas, ta ɗora kan ɗanta bisa cinyarta, kumfa na zuba a hannunta. Ɗan fari ne, bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba tun haihuwarsa, amma ranar duk mashaya ta ji tana cewa, "Lauwali, Lauwali, ga ni nan." Kunya ta kama mazan, biyu suka shigo, aka fito da shi aka kwantar ta gefe kamar yadda Kubura ta ce.

Ya sake faɗuwa kafin a kai shi disfensari, ya kuma sake a can. Malam Kimba ya yi masa allura, ya zauna a kansa har ya dawo hayyacinsa. Da Lauwali ya buɗe ido ya ga matarsa da jiƙaƙƙen zani, ya juya fuska bango yana kuka, ya ce ta yafe masa. Ta ce ya yi shiru ya huta.

Malam Kimba bai yi wa kowa faɗa ba. Ya ce tun farko gidan duka ya kamata ya tara, don ciwo irin wannan ba na mutum biyu ba ne. Ya sa aka kira baffan, ya sake shimfiɗa musu komai daga farko a gaban tsohuwa, ya ce zai nemi babban likita ya daidaita ƙwayar don barcin ya ragu. Inna Mairama ta tambaye shi abu ɗaya, ko da an ɗago kan mijinta a ranar, da ya rayu. Ya ce kwana na Allah ne, amma ɗanta kam an ɗago shi.

Da aka sallame su, Kubura ta raka mijinta har ƙofar gida, ta juya ta koma gidan mahaifinta, don ba a ce ta dawo ba.

Washegari da hantsi Malami na zaune a zaurensa sai ya ji sallamar mace. A al'ada, miji ko baffanninsa ke zuwa biko. Ba a taɓa jin uwar miji ta taka da ƙafarta ba. Amma ga Inna Mairama tsaye, ita kaɗai, da ƙullin goro a gefen mayafi. Malami ya miƙe yana cewa ai da ta aiko. Ta ce a'a.

"Ni na kore ta, ni zan maido ta. Ku ba ni ɗiyata."

Kubura ta fito ta durƙusa, tsohuwa ta kama ta ta ɗaga. Suka bi ta tsakiyar unguwa, tsohuwa a gaba ɗauke da ƙullin kayan surukarta a ka, ta hana kowa karɓa.

Lauwali bai warke ba, 'ya'yana, kada ku ce na ce ya warke. Ya sha ƙwayar nan har furfura ta cika masa kai, kuma bai sake hawa ruwa shi kaɗai ba. Amma ya ga auren 'ya'yansa, ya ɗauki jikokinsa. Akwai ciwon da ba a korarsa, zama ake yi da shi cikin haƙuri da bin maganar masana, kuma jin sauƙi ba shi ne izinin ajiye magani ba. Wanda ya tsaya maka a kan wannan, ko da ka ji haushinsa, shi ne mai ƙaunarka. Inna Mairama ta gane haka a makare, amma ta gane. Har ta koma ga Allah, duk bayan isha'i muryarta ake ji daga ɗaki tana tambaya ko Kubura ta ba yaron nan maganinsa.