Wanda Ya Kwashe Manhajar Alhaji Dabo

Da hantsi Alhaji Dabo, mai shagon buga katin biki a Zango, ya faɗo komisariya ba hula, ta faɗi a hanya garin sauri.

"Insifekta, an yi mini sata!"

"Me aka ɗauka?" in ji Insifekta Mannir.

"Manhajar da muke tsara kati. Ordinatar, wato kwamfutar, tana nan, an kwashe mata hanji. Bara'atu ce. Yau za ta bar aikina."

A shago suka tarar da Bara'atu, mai buga masa rubutu, ido ya yi ja.

"Ke kika goge?" in ji Insifekta.

"Wallahi a'a, ranka ya daɗe. Ba irin wadda ake girkawa ba ce. A ƙunshe muka sauko da ita, muka kwance ta a dosiye ɗaya, wato jakar ajiya ta cikin ordinatar, daga nan take aiki. Duk mai kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar, zai iya tafiya da ita, har da katunan mutane."

"Wa ya zauna nan jiya?"

"Kawu Illiya, ƙanin Hajiya matar Alhaji."

Illiya ya buɗe rumfar buga kati a unguwar Sankaryare cikin makon nan. Insifekta ya same shi yana karin kumallo da benga, dafaffen wake.

"Ka taɓa ordinatar Alhaji?"

"Ni? Sanyin fanka kawai na sha."

"Taka manhajar fa?"

"Daga Faransa aka aiko mini."

Insifekta ya ɗauki katin suna guda daga tebur. Ya daɗe yana dubawa.

"Faransawan nan sun san mutane. Karanta ƙasan katin."

Illiya ya karanta: "An buga a shagon Alhaji Dabo, Zango."

Cokali ya faɗi daga hannun Illiya.

"Insifekta, ba sata na yi niyya ba. Na ɗauka kamar ɗebo wuta ne a maƙwabta, ka ɗiba, tasu tana nan. Na ja dosiyen zuwa kile, ashe murhun na ɗauke gaba ɗaya."

Aka komo da shi Zango, Bara'atu ta mayar da dosiyen, manhaja ta tashi. Alhaji ya yi ta gyaran murya, sannan ya dubi Bara'atu.

"'Yata, kujerarki tana nan."

"Kyauta fa ake saukar da ita, Kawu," in ji Bara'atu. "Da ka tambaya."

Illiya ya tsaya cak, hannu cikin ankwa. "Kyauta?"

"Kyauta," in ji Insifekta, ya tura shi mota. "Faɗuwar hular Alhaji ce za ka yi wa bayani."