Auta a Garin Marasa Inuwa

Auta tana wanke-wanke a tsakar gida ta ji Baba ya dire kofin shayinsa da ƙarfi.

"Telan nan da kike so, kin taɓa duba ƙasa in yana tsaye a rana? Ba shi da inuwa. Duk mutanensu haka suke, kuma kowa ya san satar ta wasu suke yi."

"Baba, wa aka taɓa sace wa?"

Sai Baba ya haɗe rai. Ita kuwa Auta in ta kafe, ko jaki ya shafa mata lafiya. Ta share hawaye da bayan hannu, kumfa har kunci.

"Ka bar ni in je garinsu. In na dawo da inuwata, za ka yarda?"

"In kin dawo da ita."

Ya haɗa ta da Gwaggo, ƙanwarsa, yana da yaƙinin tsoro zai juyo da su tun daga tasha.

Ba su juyo ba. Sun sauka garin masu gidaje a kan ruwa, inda Auta ta yi ta yatsina wa abincinsu har yunwa ta koya mata ladabi. Sun ratsa garin masu magana da hannu. Gwaggo sarkin surutu ta kusa fashewa, amma su ne suka ɗinke mata takalmi, suka raka su har bakin gada. Ko'ina suka shiga, su ne abin kallo.

A garin su Tela, yara na ganin baƙin abu yana bin ƙafar Auta suka watse da kuka. Mahaifiyar Tela ta tare ƙofa.

"Ɗana ba zai kawo mini mai jan duhu a baya ba."

Tela, da ya riga su isowa gida, ya sunkuyar da kai. "Sori, Auta – na ɓoye miki cewa tsoron inuwa muke yi ne don kar ki karaya."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ashe a nan ita ce abin tsoro. Gwaggo ta ce su tattara su tafi, Auta ta ce ba inda za ta. Kullum sai ta je gaida tsohuwar, kullum a kau da kai. Ta bi ta gona tana cire ciyawa daga nesa.

Wata rana ana tsala zafi, tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar gona, babu bishiya ko ɗaya. Matan da suke aiki tare suka kewaye ta, amma rana ta ratsa su kamar gilashi. Auta ta tura su neman taimako, ta juya wa rana baya, ta sunkuya har inuwarta ta rufe fuskar tsohuwar. Bayanta yana ƙuna, jiri yana ɗibarta, ba ta motsa ba sai da aka kawo amalanke.

Tsohuwar da kanta ta rako su gida. Baba ya fito, tun kafin ya amsa gaisuwa ya duba ƙasa. Inuwar Auta tana nan, ta rame kamar mai ita.

"Ni ma a da tsoronta nake ji," in ji tsohuwar. "A ƙarƙashinta na farfaɗo. Na zo roƙon 'yarka."

Idon Baba ya kawo ruwa. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa mata da hannunsa.

Haka haƙurin Auta ya sama mata Tela. Sau da yawa mutanen da muke tsoro, ba mu taɓa zama da su ba ne kawai.