Minti Sha Biyar na Mai Jaka

Ƙarfe takwas da kwata na safe saƙo ya faɗo cikin wayar Mai Jaka. Tana tsaye a bakin zauren taro, da ƙullin samfuran jakunkunan fata a hammata. Ta karanta, ta goge fuskar wayar da gefen mayafi, ta sake karantawa. Ganawarta da Mai Kantuna ta koma ɗaya da rabi na rana. Jiya da la'asar, a takardar gwaji da aka liƙa a allo, sunanta ne na farko: ƙarfe tara, tebur na ɗaya.

Taron na yini ɗaya ne. Masu sana'ar hannu kusan ɗari biyu sun zo ganawa da manyan masu saye, kowa minti goma sha biyar, kuma kwamfuta ce ke raba lokacin. Mai Kantuna ne babban baƙo. Shagunansa arba'in, in ya karɓi kayanka ka samu aikin shekara. Ita kuwa Mai Jaka mata shida ke mata ɗinki, wata huɗu ke nan kekunansu a lulluɓe. Ta roƙe su su ƙara haƙuri zuwa yau. Sun ce daga yau ɗin kowa zai kama gabansa.

Ta kai wayar wurin Shugabar taro. Shugaba ta duba, ta duba jerin tebur na ɗaya gaba ɗaya, sai ta nemi kujera ta zauna. Ta aika a kira Sajan, ɗan sandan da aka ajiye a ƙofa.

A ofis ta tura ƙofa ta gaya masa abin da ba a sanar ba. Mai Kantuna ba zai kai yamma ba, ƙarfe biyu zai tashi ya kama jirgi. Ta ɓoye ne don kada mutane su janye. Ba ta damu ba tun da waɗanda suka fi cancanta duk da safe aka sa su. Yanzu an wayi gari jerin ya kife: gwanaye sun koma yamma, 'yan baya sun dawo safe.

Ta ce wa Mai Jaka, "Ke kin tsira, Inna. Ɗaya da rabi yana nan. Sauran ne ban san da wane ido zan kalle su ba."

Mai Jaka ta ƙara matse ƙullinta.

Sajan ya fara da Injiniya, mai kula da kwamfutar. Ya ce masa ya yi bayani kamar yana yi wa kakarsa. Injiniya ya ce na'urar ba ta san kowa ba, abu biyu take kallo. Tana jera mutane gwargwadon yadda kayansu suka dace da abin da mai saye ke nema. Sannan kowane lokaci yana da lambarsa. Wanda ya fi dacewa shi ke samun lokaci mai lamba ɗaya, na biye da shi lamba biyu, haka har ƙasa. Shi ƙarfe tara ya ba lamba ɗaya. Wani ya shiga jiya, shida da minti ashirin na yamma, ya mayar da lamba ɗaya kan ɗaya da rabi, ya jera sauran har zuwa biyar saura kwata, ya jefa safiya can ƙasa.

"Ba a taɓa sunan kowa ba, Yallaɓai. Lambobin kawai aka juya, ita kuma ta yi aikinta tsakani da Allah."

Sajan ya ce to a mayar yadda yake. Injiniya ya girgiza kai. Saƙo ya riga ya shiga wayoyi ɗari biyu, tebur arba'in sun karɓi takardunsu. In aka sake juyawa yanzu, kowa zai rasa inda ya dosa. Shugaba ta ce ba za ta rushe gida don gyaran taga ba.

Sajan ya tambaya wa ya san kalmar sirrin shiga kwamfutar. Injiniya ya sunkuyar da kai, ya nuna wata 'yar takarda da aka manna a jikin kwamfutar. Sajan ya ce ai gara a rataya ta a bakin titi, a huta. Makullin ofis uku ne: na Shugaba, na Injiniya, da na Mai Motoci, wanda ke tsara zirga-zirgar baƙi.

Injiniya ya ce daga shida zuwa bakwai yana kan tsani yana haɗa lasifika. Masu gyaran wuta biyu suka tabbatar, ɗayan ma shi ya riƙe masa tsanin. Shugaba tana otal a lokacin tana tarbar Mai Kantuna, ga hoton da aka ɗauka da lokaci a jiki. Mai Motoci, dattijo mai tsabta da biro uku a aljihu, ya ce ya shiga ofis wajen shida ya buga sunayen direbobi ya fita. Lambobi kam bai san kansu ba. Sajan ya tambaye shi yaushe motar Mai Kantuna za ta tashi. Ya ce ƙarfe biyu, yadda Shugaba ta faɗa.

Mai Jaka tana da nata zargin. Wadda ta samu ƙarfe tara yanzu Doguwa ce, tsohuwar 'yar koyonta, wadda ta bar ta ba sallama. Sajan ya tare Doguwa tana fitowa daga tebur na ɗaya. Ta ce ita da asubar nan ta sauka daga mota, ta zaro tikiti daga jaka ta miƙa masa.

"Ni da ko saƙo sai 'yata ta buɗe min, ni ce zan juya kwamfuta? Ku ce wa Inna ta nemi wani, ni rabona ne ya rantse."

Tikitin na gaskiya ne. Ya sallame ta.

Sha biyu ta yi, aka tafi hutun cin abinci, Sajan bai da komai a hannu. Ya kira ofishinsu, aka tambaye shi me aka sata. Ya ce lokaci. Aka ce ya koma bakin ƙofa. Bai koma ba. Ya zauna da takardar lambobin a gwiwa yana bin ta da yatsa. Mai Jaka na can kan benci daura da tebur na ɗaya, ba ta ci ba, ba ta sha ba, tana kallon mutane suna zama suna tashi a kujerar da ta kamata ta fara zama.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Hutu na ƙarewa ƙarfe ɗaya. Wanda ke son ya kife jeri kawai, daga ƙarfe ɗaya zai fara. Wannan kuwa ya tsallake ƙarfe ɗaya da kuma ɗaya da kwata, ya bar su a ƙasa tare da safiya. Wanda kuma ya san maganar ƙarfe biyu, daga biyu zai fara. Me ke cikin ɗaya da rabi?

Ɗaya da minti biyar ya fita wajen ajiye motoci. Ya tarar direban Mai Kantuna ya riga ya juyo da hancin mota ƙofa, yana goge gilashi. Sajan ya ce wannan sauri fa, ba sai biyu ba? Direba ya yi dariya, ya zaro takarda daga aljihu. An rubuta ɗaya da rabi, an ja layi biyu a ƙasa, da sa hannun Mai Motoci da lambar wayarsa.

"Ai halin Mai Motoci ne, Yallaɓai. Duk lokacin da aka ba shi sai ya cire rabin awa saboda cunkoso. Ko mutuwa ce ta ce masa biyu za ta zo, ɗaya da rabi zai shimfiɗa mata tabarma. Tun jiya ya gaya wa sakataren maigida, sun amince."

Sajan ya karɓi takardar, ya shiga da gudu. Ya sa Injiniya ya buɗo rajistar duk waɗanda suka dawo safe. Ba su yi nisa ba. Wata mai ɗinkin jaka, ta goma sha bakwai a jeri, wadda da ƙarfe biyu za ta samu, ta gana da Mai Kantuna tara da rabi. Lambar wayar da aka yi mata rajista da ita, ita ce a ƙasan takardar direba.

Aka kira Mai Motoci. Sajan ya ajiye takardun biyu a gabansa.

"Baba, mutum uku ke da makulli. Injiniya yana kan tsani, bai ma san baƙon zai tafi da wuri ba. Shugaba tana otal, kuma ita biyu ta sani. Da ita ce, daga biyu za ta fara. A duk ginin nan kai kaɗai ne agogonka ke cewa ɗaya da rabi. Ka ce min biyu, hannunka ya rubuta ɗaya da rabi. Wace ce ta goma sha bakwai?"

Dattijon ya dubi takardun. Ya ce matarsa ce. Shekara uku tana zuwa taron nan, kullum na'ura na jefa ta yamma, lokacin da masu saye sun gaji suna hamma. Ya ga jerin gwaji, ya ga bana ko hammar ba za ta samu ba. Ita ba ta san ya yi ba. Ya ce bai cire kowa ba, bai ƙara kowa ba.

Shugaba ta karɓe makullinsa. Sajan ya duba agogo. Ɗaya da minti goma sha biyu.

Ya je wurin mutumin da ke da ɗaya da kwata, wani mai saƙar tabarmar roba, ya roƙe shi ya bar wa Mai Jaka. Mutumin ya ce shi ma da bakuna tara ya baro gida. Sajan ya je wurin sakataren Mai Kantuna, ya ce minti biyar kawai, ko a tsaye ne. Sakatare ya ce in ya buɗe wa mutum ɗaya, goma sha uku ne za su biyo baya, kuma jirgi ba ya jira. Shugaba ta gwada da kanta. Sakatare ya ce ta turo sunayen, za a duba. Ya faɗa yana haɗa takardu, bai ko ɗago ba.

Sajan ne ya gaya wa Mai Jaka. Ya tsuguna a gefen bencin ya yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato don na fi kowa ne aka ba ni lokacin da ba ya nan."

"Haka ne, Inna."

"Shi wanda ya yi, an kama shi?"

"An gano shi."

"To, me zan kai wa matan nan? Sunansa?"

Ɗaya da rabi daidai Mai Kantuna ya miƙe, ya gyara riga, aka bi da shi ta ƙofar baya. Mai Jaka ta tashi ta nufi tebur na ɗaya. Wata ma'aikaciya ta zo za ta kwashe kujeru, ta ce mata ta dakata, lokacinta ne. Ta kwance ƙullin, ta jera jakunkunan a kan teburin ɗaya bayan ɗaya, ta zauna tana fuskantar kujerar da ba kowa. Sajan ya tsaya a gefenta, hula a hannu, yana hana mutane matsowa. Abin da ya iya ke nan.