Ɗaurin Cikin Zinatu

"Inna, don Allah sauke tukunyag ga."

"Ba ni saukewa. Kai ka ɗora ta?"

Haka na iske su da hantsi, uwa da ɗa, sun sa tukunyar wankan jego a tsakiya tana tafasa, ganyen darbejiya na juyawa a ciki. Ni dai rariya na shigo aro. Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Marka, ita ma ruwan bara ya cinye rabinta, kunne kuwa ba a halicce shi da murfi ba.

Ɗan nata Musbahu tela ne a kasuwar Gummi, yaro mai sanyin hali, tun da nake ban taɓa jin muryarsa ta haura ta uwarsa ba sai ranar. Matarsa Zinatu 'yar Gwashi ce, kwananta goma sha ɗaya da haihuwa. Haihuwar fari ce, a ƙa'ida gidansu za ta je wanka, to uwarta ta rasu tun tana goye, shi ya sa jegon ya faɗo hannun surukarta.

Haihuwar ba ta zo da sauƙi ba. Kwana biyu yarinyar nan tana durƙushe, daga ƙarshe a asibiti aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace. Ranar sallama malamar asibiti ta zaunar da Musbahu ta yi masa dalla-dalla: kada ruwa mai ƙuna ya taɓa ɗinkin, kada a tamke cikin, kada ta ɗaga abin da ya fi jinjirar nauyi. Ta ce mahaifa da kanta take tsukewa, kafin arba'in ta koma mazauninta, tumbin kuwa sai an yi haƙuri da shi. In aka ga zazzaɓi ko wurin na ruwa, a dawo da ita ko ana tsakiyar cin tuwo.

Musbahu ya kawo wa uwarsa saƙon nan kamar yadda aka ba shi. Inna Marka ta ce ta ji.

To, ji daban, yarda daban. Matar nan shekara talatin tana wanke masu jegon unguwarmu. Ita ke gasa su, ita ke ɗaure musu ciki da zane har su koma kamar 'yan mata, rabin matan layinmu hannunta ya bi ta kan mararsu. Kuma akwai abin da ba ta faɗa a taro. 'Yarta Laraba a birni ta haihu, mijin ɗan boko ya hana wanka, kafin sati uku jikinta ya kumbura, aka kawo wa Inna labarin rasuwarta. Likitoci sun faɗi sunan cutar, ita dai abu ɗaya ta riƙe: sanyi ya shige ta, don babu wanda ya gasa ta.

A nan kuma bari in faɗi nawa, tunda in ban faɗa ba wata za ta faɗa ta ƙara gishiri. Ranar suna, tsakar gida cike da mata, Zinatu ta fito daga ɗaki a hankali tana dafa bango, cikin nan ya turo atamfa. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Anya likitocin nan ba su manta da ɗaya a ciki ba?" Mata suka kwashe da dariya, har da mai tafawa. Ita ma ta yi murmushi. Ashe murmushin iya leɓe ya tsaya.

Washegari, Musbahu na fita shago, da kanta ta ce wa Inna ta ɗaure ta. Kwana huɗu ke nan kullum sai an tsoma tsumma a ruwan zafi an danna mata mara, sannan a ninka tsohon zane a naɗe ta, Inna ta kafa ƙafa a jikin gado ta ja. Kafin la'asar a kwance, a ɓoye zanen. Yau Inna ta ga lokacin cikakken wanka ya yi, ta ɗora babbar tukunya. Shi kuma Musbahu da asuba ya ji jikin matarsa da zafi, ya kasa zama a kan keken ɗinki, ya rufe shago ya dawo.

Da ya ga Inna ba ta da niyyar sauke tukunya, sai ya juya ya shiga ɗakin matarsa. Ni ma na tuna ban yi wa jinjira barka da kwana ba, na bi bayansa.

Zinatu na kwance ta ba bango fuska, goshinta ya yi zufa, leɓenta ya bushe. Ya durƙusa a bakin gado ya taɓa wuyanta, ya janye hannu. Ya tambaye ta me ke ƙarƙashin rigarta ya yi tauri haka, ta ce babu komai. Ya sake tambaya. Sai hawaye.

"Zinariyata... ni za ki ɓoye wa?"

"Ban so ka gani ba ne."

"In ga mi?"

"Cikin... Dube ni fa. Kamar ban haihu ba. Fata ta saki, ga baƙin layi, ga yanka. Ko madubi ba ni iya kallo. Na ce kafin in yi arba'in ya koma, kada ka ɗaga kai ka ganni ka..."

Ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara wa jinjira hular da babu abin da ya same ta.

Yaron nan ya kama hannunta ya riƙe da nasa duka biyu. Ya ce mata ranar da aka shiga da ita ɗakin aiki yana tsaye a baranda, ya roƙi Allah ya ba shi ita ko da a kwance za ta ƙare rayuwarta, shi ya ji ya gani. Ya ce cikin da take jin kunyarsa nan ne gidan 'yarsa na wata tara, ta nan aka buɗa aka ba shi su biyun da rai.

"Ko ya zauna haka har tsufa, ni dai ke nika so. Ke, mai numfashi. Bari in kwance."

Ta kau da kai, ya soma warware zanen. Ninki uku ne, an ƙulle a kwiɓi da ƙullin da sai da ya sa haƙori. Ninkin ƙarshe ya manne, da ya ɗaga shi ta cije leɓe har ya yi jini.

Na ga haihuwa a duniya, tawa tara, ta mutane ba adadi. Amma da na leƙa sai da na ce innalillahi a zuci. Gefen ɗinkin ya yi ja ya kumbura, wuri ɗaya ya buɗe kamar faɗin yatsa, ruwa mai kalar ƙwai na tsattsafowa, ga wani wari da turaren jego bai iya rufewa ba.

Daidai nan Inna Marka ta ɗaga labule da ƙwaryar ruwan zafi a hannu. Ta duba, fuskarta ta motsa, na gani da idona. Amma ta dake. Ta ce ai dattin ciki ne ke fita, alamar gashi ya fara aiki, in aka yi wanka yau da gobe wurin zai ƙame.

Musbahu ya miƙe. Ya ce asibiti za su yanzu. Ta ce mai jego ba ta ƙetare zaure kafin arba'in, balle ga hadari ya haɗo, iskar damina na kaɗawa. Ya ce ai a asibitin ta haihu. Ta ce wannan dole ce ta kai ta, yanzu kuwa tana hannun masu ita.

"Inna, ni tela ne. Sabon ɗinki in an ja shi ɓarkewa yaka yi. Wanga ba atamfa ba ce, mutum ce."

"Ni za ka koya wa jego? Kai kanka da na haihe ka, wata ta wanke uwarka? A'a, ni na wanke kaina, na tashi garau."

"Ke ba a yanka ki ba, Inna."

Jinjira na ta tsotsar hannu. Na so in sa baki, na tuna bakin nan ne ya kawo mu nan, na haɗiye.

Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Muryarta ta sauka, ta daina faɗa, abin da ya fi faɗan ban tsoro ke nan. Ta ce ta ba 'yan boko 'ya ɗaya, sun mayar mata da zannuwa a buhu. Ta ce yarinyar nan marainiya ce, ranar da aka kawo ta gidan nan ta ɗauke ta a gurbin Laraba, ba za ta zauna tana kallo a fitar da ita cikin iska a sake kawo mata buhu ba.

"In ka ɗauke ta da hannunka ka fita da ita, ban yafe ba. Ka ji na faɗa."

Kun san nauyin wannan kalma a bakin uwa. Musbahu ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi uwarsa, ya dubi gadon. Ya miƙa hannuwa wajen matarsa, ya tsaya a rabi, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Inna, ki janye... don girman Allah ki janye." Ta juya masa ƙeya.

Ban ankara ba na ji gado ya yi ƙara. Zinatu ce ta zuro ƙafafu ƙasa. Ta dafa bango ta miƙe, rabin jikinta a duƙe, hannu ɗaya tallafe da mara. Ya zabura zai riƙe ta, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka taɓa ni. Inna ta ce da hannunka."

Ta juya wajen surukarta, numfashinta na fita guntu-guntu. Ta ce ita ta roƙi ɗaurin, babu wanda ya tilasta ta, laifin ba na Inna ba ne, kuma duniya da lahira ba za ta ce nata ba ne. Ta ce ita ba ta san fuskar uwarta ba, sai labari.

"Ba ni son ɗiyata ta san ni ga labari, Inna. Za ni da ƙafata. Shi bai saɓa maki ba."

Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, goya mani ita." Ni da na zo aron rariya, sai ga ni ina ɗaura jinjira a baya.

Daga ɗakin zuwa zaure bai fi taku ashirin ba, amma yarinyar nan ta yi shi kamar mai zuwa Gwashi a ƙasa. Ta wuce tukunyar da ke ta tafasa, tururi ya lulluɓe ta ta fito ta ɗaya gefen. Taku uku ta tsaya, taku biyu ta dafa turmi. Yayyafi ya soma sauka. Ina biye da ita, ina waiwaye.

Musbahu na bakin ƙofar ɗaki, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki. Inna na bayansa, idonta a kan bayan zanen Zinatu, inda wani jan tabo ya fito yana faɗaɗa.

A bakin zaure gwiwar yarinyar ta lanƙwashe, ta kama ƙyauren langa-langa ta rataya a jikinsa. Ta ja shi, ta fita.

Sai na ji muryar Inna Marka ta fashe, irin wadda ban ji ba tun ranar da aka kawo labarin Laraba.

"Kai, mi kaka jira? Sai ta faɗi ga titi?"

"Inna, kin ce..."

"Na ce, na lashe. Ɗauke ta!" Ta fizge mayafin kanta ta cusa masa a ƙirji, kanta a buɗe, furfura a waje. "Ka rufe mata ƙafafu. In ka dawo mani ba da ita ba, sa'annan ne ban yafe ba."

Yaron nan ya wuce ni kamar iska, ko takalmi babu. Ya fizgi ƙyauren ya fita, ya sake shi da ƙarfi, langa-langar ta bugu da bango, garam, har ƙasa ta zubo daga saman zaure.